Yaya zan kunna kwamfutar da ke cikin akwatin wasa ba tare da na buɗe bayansa ba?

Kafintan Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da 'yan'uwa masana harkar lantarki da kwamfuta, ina neman shawararku a kan wata matsala da ta tsaya mini a wuya bayan na yi zaton aiki ya ƙare.

Ni kafinta ne a nan Garwa. A hutun makaranta da ya wuce na haɗa wa yarana da 'ya'yan ƙanwata akwatin wasan bidiyo irin na tsaye, wanda mutum yake tsayawa a gabansa yana murza sanda yana danna maɓallai. Da falanki na yi shi, tsayinsa mita ɗaya da santimita 70, na sa masa allon kallo mai inci 19, da ƙananan lasifiku biyu da amfilifayarsu, da fitila a goshinsa bayan wani gilashi mai zane. A can ƙasa na ajiye tsohuwar kwamfutar ofis da na saya ta hannu, wadda wani ɗalibi ya saka mini Windows da manhajar MAME, mai kunna tsofaffin wasannin irin waɗannan akwatuna, a kanta, ya kuma tsara ta yadda da zarar ta tashi sai jerin wasanni ya bayyana. Bayan akwatin na yi masa ƙofa da kwaɗo, domin na san halin yara.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Maɓallin kunna kwamfutar yana jikinta, ita kuwa tana kulle a ciki. Kullum yara za su yi wasa sai na janye akwatin daga jikin bango, na nemo mabuɗi, na durƙusa na zura hannu har kafaɗa ina lalube a cikin duhu tsakanin wayoyi. Makon jiya bakin wani ƙarfe ya yanke ni a bayan hannu, kuma tun kafin wannan na taɓa fizgo wayar lasifika ban sani ba. Idan ba na gida babu wasa ke nan, mahaifiyarsu kuma ta ce ba za ta riƙa jan wannan ƙaton abu ba, kuma gaskiyarta ne.

Na gwada dabarar da ta fara zo mini. Na haɗa komai a kan soket guda mai makunni, na fito da makunnin gefen akwatin. Idan na kunna shi fitila tana kamawa, allo yana haskakawa, lasifiku suna ɗan ƙara, amma kwamfutar ko motsi ba ta yi sai an danna nata maɓallin. Wajen kashewa kuma babban ɗana ya ɗauka wannan makunnin ne hanya, ya kashe shi sau biyu ana tsakiyar wasa, a karo na biyun sai da Windows ta daɗe tana duba faifan ajiya kafin ta yarda ta tashi.

Wani mai sayar da kayan wuta ya ce mini in nemo koriyar waya a cikin damin wayoyin da ke fitowa daga gidan wutar kwamfutar, in haɗa ta da baƙa in naɗe da salatif, ya ce shi ke nan za ta riƙa tashi da kanta. Ban yi ba tukuna, domin ban saba yanke abin da ban san aikinsa ba. Abin da nake so shi ne wuri ɗaya a waje da yaro ɗan shekara takwas zai danna komai ya tashi, ya sake dannawa komai ya mutu ba tare da an lalata wani abu ba. Kun kuma san yadda wutarmu take, musamman a watannin zafi idan ruwan kogin Binuwai da ake samar da wuta da shi ya ja baya, tana iya tafiya ta dawo sau da yawa a yini guda. Wace hanya ce ta fi dacewa da irin wannan yanayi?

Mai Gyara daga Marwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya sa yaran su amfana. Ka kyauta da ba ka taɓa koriyar wayar nan ba, zan dawo kanta a ƙasa.

Dalilin da ya sa kwamfutarka ba ta tashi da makunnin soket shi ne, tun da kamfanin Intel ya fito da tsarin ƙera kwamfuta na ATX a 1995, maɓallin gaban kwamfuta ya daina zama makunnin wuta irin na fitila. Muddin an jona kwamfuta a bango, gidan wutarta yana tura wata 'yar wuta mai volt 5 zuwa uwar allo, wato babban allon lantarki na cikinta da ake jona komai a kai, ta waya mai launin shunayya, ko da kuwa a kashe take a idonka. Da wannan 'yar wutar uwar allo take zaman sauraro. Maɓallin da kake dannawa bai yin komai face haɗa allurai biyu na ɗan lokaci, uwar allo ta ji an taɓa ta, sai ita kuma ta umarci gidan wuta ya saki sauran wutar. Saboda haka wutar da ke bi ta cikin maɓallin ba ta taka kara ta karya ba, kuma kowane maɓalli da yake haɗawa idan an danna ya saki idan an ɗaga yatsa zai iya wannan aiki.

Irin wannan maɓalli kuwa yana hannunka, domin maɓallan wasan da ka jera a gaban akwatin duk haka suke. Ɗauki guda ɗaya ka juya shi, za ka ga ƙaramin makunni a gindinsa mai ƙafafu uku, an rubuta COM da NO da NC a jikinsu. Ka yi amfani da COM da NO kaɗai, waɗanda ba sa haɗuwa sai an danna; COM da NC kuwa a haɗe suke sai an danna su rabu. Idan ka yi kuskure ka ɗaura a NC, to kamar mutum ne ya danne maɓallin bai ɗaga ba, kwamfutar za ta tashi ta mutu, ko ta ƙi tashi gaba ɗaya, ka yi ta zargin abin da ba shi da laifi.

Sai ka zare filogi daga bango, ka buɗe kwamfutar, ka bi siririyar wayar da ta taso daga maɓallin gaba har inda ta sauka a uwar allo. A yawancin alluna za ka tarar da rukunin allurai tara a gefen ƙasa, an rubuta PWR_SW ko PWR_BTN ko PW kusa da biyu daga cikinsu. A tsarin Intel su ne na 6 da na 8. Domin ka tabbata, mayar da filogi ka taɓa waɗannan biyun tare da bakin sukudireba na ƙiftawar ido, za ka ga fanka ta juya. Waɗannan allurai ba su da gaba ba su da baya, duk yadda ka juya wayoyin daidai ne.

Amma tun da ka ce kwamfutar ofis ce, ina ba ka shawarar kada ka cire maɓallinta na asali. Manyan kamfanoni sukan yi nasu tsarin filogin, mai wayoyi huɗu ko biyar ko fiye, domin fitilar da ke cikin maɓallin ma ta nan take samun wuta, kuma akwai waɗanda idan suka tarar an zare wannan filogi sai su tsaya a farkon tashi da saƙon gargaɗi suna jiran a danna F1, alhali babu kibod a jikin akwatin wasa. Abin da nake yi a shagona shi ne in sa mitar gwajin lantarki a ma'aunin da yake ƙara idan waya biyu sun haɗu, in riƙa gwada wayoyin bibbiyu ina danna maɓallin, har in samu biyun da suke ƙara lokacin dannawa kaɗai. Su zan ɗan feɗe, in liƙa musu sabbin wayoyi da dalma, in rufe da kyau, in ja su zuwa sabon maɓallin. Tsohon yana nan yana aiki, sabon ma yana aiki. Mita ɗaya da rabi ko biyu na waya ba matsala ba ne, sai dai ka murɗe su tare kamar igiya, kuma kada ka ɗaure su a jikin wayar wutar gari mai volt 220.

Wajen da za ka huda wa maɓallin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kada ka sa shi a kan allon wasa kusa da sauran, domin yaro a cikin zafin wasa yana dukan duk abin da hannunsa ya kai. Saman akwatin ta wajen baya ya fi, ko ƙarƙashin allon wasa inda sai an lalubo da niyya. Kai kafinta ne, ka nutsar da shi cikin katakon kaɗan yadda gwiwar hannu ba za ta same shi ba.

Saura kashewa. Shiga Windows wajen tsarin wuta, wanda a na Faransanci ake kira Options d'alimentation, ka nemo inda ake zaɓar abin da maɓalli zai yi, ka sa shi a Arrêter. Daga nan dannawa ɗaya gajera za ta sa Windows ta rufe komai cikin tsari ta mutu. Ka koya wa yaran su danna su saki, domin riƙe shi kamar daƙiƙa huɗu yana yanke wutar da ƙarfi, wanda kusan daidai yake da abin da babban ɗanka ya yi da makunnin soket. A bar wannan sai ranar da kwamfutar ta daskare ta ƙi jin komai.

Game da koriyar waya, ita ce ta 16 a babban filogi mai allurai 24, kuma ta nan uwar allo take ba gidan wuta umarnin ya tashi. Mu masu gyara mukan haɗa ta da baƙa idan muna gwada gidan wuta shi kaɗai a kan tebur, ba tare da uwar allo ba. Idan ka haɗa su dindindin a cikin kwamfuta mai aiki, ka ƙwace wa uwar allo linzami ke nan: fankoki za su juya, wata uwar allo ta tashi wata ta ƙi, kuma ko Windows ta gama rufewa wutar ba za ta yanke ba.

Ɗan Kusiri ya rubuta:

Salamu alaikum. Kawu Mai Gyara ya yi bayani mai gamsarwa, amma da izininsa ina ganin akwai hanyar da ta fi sauƙi, wadda ba ta bukatar dalma ko feɗe waya, kuma ita nake amfani da ita a nawa akwatin kusan shekara biyu.

Baba Kafinta, ka jona kibod na ɗan lokaci, ka kunna kwamfutar kana danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitin uwar allo da ake shiga kafin Windows ta tashi: F2 ne a Dell, F10 a HP, a wasu alluna da dama kuma Del. A sashen da ya shafi wuta akwai wani zaɓi da yake faɗa wa kwamfuta abin da za ta yi idan wuta ta dawo bayan ta yanke. Dell suna rubuta AC Recovery, HP suna rubuta After Power Loss, wasu kuma Restore on AC Power Loss. Zaɓi uku ne a ciki, ko ta zauna a kashe, ko ta koma yadda take kafin yankewar, ko ta tashi. Ka sa shi a Power On ka adana. Daga ranar makunnin da ka riga ka fitar a gefen akwatin ya wadatar, kana kunna shi allo da fitila da lasifiku da kwamfuta duk su tashi tare.

Haka ma akwatunan asali suke yi. Allunan wasa na tsarin JAMMA, wanda masu ƙera injinan wasa na Japan suka tsayar a 1985, ba su da wani maɓallin tashi. Mai shago yana ba su wuta da safe su kama, da dare ya yanke. Bambancin kawai shi ne su ba su da Windows da faifan ajiya da ake rubutu a kai, shi ya sa mu dole mu rufe daga cikin manhaja tukuna. A nawa na sa zaɓin rufewa a jerin wasannin, idan allo ya yi baƙi sai in kashe makunni.

Abu biyu za ka kula da su. Idan ka kashe makunnin ka mayar nan take ba lallai ta tashi ba, domin gidan wuta yana riƙe da sauran wuta na wasu daƙiƙoƙi, ita kuma uwar allo ba ta ga an yanke ba. Ka jira kamar rabin minti. Na biyu shi ne ɗan batirin nan mai kama da kwabo a kan uwar allo, CR2032 mai volt 3. A tsohuwar kwamfuta yakan kasance ya gaji, kuma da yake za ka riƙa yanke wuta gaba ɗaya kowane dare, a kansa nauyin zai koma. Ranar da ya mutu agogo zai rikice, tsarin da ka adana zai iya gogewa, ka wayi gari ka koma durƙuso a bayan akwati. Ka sauya shi tun yanzu. Kana cikin BIOS ɗin kuma ka duba ko akwai zaɓin da yake tsayar da ita idan ba ta ga kibod ba, ka kashe shi.

Dattijon Lantarki daga Injamena ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na karanta duka amsoshin biyu. Abin da ɗana na Kusiri ya faɗa game da BIOS gaskiya ne, babu kuskure a ciki, amma ban goyi bayan a yi shi a wannan gida ba, kuma zan faɗi dalilina. Tsakanina da shi kogi ne kawai da gadar Ngeli, ya san irin wutar da nake magana a kai.

Kwamfuta ba ta san bambanci tsakanin hannun mai gida a kan makunni da dawowar wutar gari ba. Idan aka sa ta a Power On, aka manta makunnin a kunne, wuta ta tafi da magariba ta dawo ƙarfe biyu na dare, to akwatin zai tashi shi kaɗai a cikin ɗaki a rufe, ya kwana yana aiki babu mai gani. Wanda ya fi wannan damuna shi ne lokacin da zai tashin. Mintunan farko na dawowar wuta su ne mafi muni, kowane firiji da fanka da injin ruwa na unguwa suna ja lokaci guda, ƙarfin wutar yana hawa yana sauka, wani lokaci ta sake ɗaukewa kafin a ƙirga goma. A daidai wannan lokaci ne kwamfutar za ta fara karanta faifanta. Na ga gidajen wuta da yawa a kan teburina da kafasitocinsu suka kumbura, kuma mafi yawan masu su labari ɗaya suke bayarwa, cewa wuta ce ta dawo. Shi ɗana na Kusiri babba ne, shi kaɗai yake taɓa nasa akwatin, yana rufewa yana kashewa bi da bi. Malam Kafinta kuwa yara ne za su riƙa yi, kuma tsari mai mataki biyu, a rufe tukuna sannan a kashe, yaro zai tsallake na farkon ranar da aka kira shi cin abinci.

Don haka ni ina tare da Malam na Marwa: a bar wannan zaɓi na BIOS a kashe, a fitar da maɓalli. Wanda ya nace sai ya bi ta BIOS, to aƙalla ya sa irin na'urar kariyar nan da ake sa wa firiji, wadda take jira 'yan mintuna bayan dawowar wuta kafin ta saki, kuma take yankewa idan wutar ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Ko da maɓallin ma ina son a sa ta, domin kwamfuta a kashe tana nan jone da wutar gari.

Abin da ba a amsa ba tukuna shi ne yadda sauran kayan za su bi kwamfutar. Allon kallo ba ya bukatar komai idan na kwamfuta ne, yana rasa hoto zai yi barci, yana samu zai farka. Talabijin ce mai wahala, domin da yawa sukan tsaya jiran rimot. Fitila da amfilifaya kuwa, shawarata ita ce a raba su da 220 gaba ɗaya. A cikin wayoyin da ke fitowa daga gidan wutar kwamfuta zuwa faifai, rawaya tana ɗauke da volt 12, ja tana ɗauke da volt 5, baƙaƙe su ne ƙasa, kuma waɗannan ba sa samun wuta sai kwamfutar ta tashi. A cire fitilar goshi a sa zaren fitilun LED mai volt 12 a kan rawaya da baƙa, rabin mita ya isa, bai cin wuta sosai kuma bai zafi. Idan amfilifayar ƙarama ce mai volt 12 ita ma za ta iya shan wuta daga nan, sai dai wani lokaci takan ɗauko ƙugin kwamfutar ta fitar a lasifika. A sa 'yar fis a kan rawayar, kada a raina ta.

Idan amfilifayar ta 220 ce, sai a sa rile mai volt 12, wato makunnin da ƙaramar wuta take kunnawa maimakon hannu: kwamfuta ta ba naɗinsa wuta, shi kuma ya haɗa wa soket ɗin amfilifaya. A gicciya dayod irin 1N4007 a kan naɗin, zoben dayod ɗin yana fuskantar rawaya, domin ya shanye wutar da take komowa idan rile ya saki. Amma Malam, wannan ɓangaren ka kira mai aikin lantarki ya yi maka, ya sa shi a cikin akwatin roba mai murfi. Kai da bakinka ka ce kana zura hannu cikin duhu kana lalube. Kada a bar 220 tsirara a inda hannu yake yawo, balle a cikin katako.

Kafin ka rufe, duba bayan gidan wutar ko akwai ɗan jan makunni da aka rubuta 115 da 230. Tsofaffin kwamfutoci suna da shi, mu kuma a Cadi da Kamaru 220 muke amfani da ita, don haka a 230 zai zauna. Idan hannu mai lalube ya ture shi zuwa 115, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Ka liƙe shi da salatif. Sannan ka huda wa akwatin ramukan iska ƙasa da sama, ka sa fanka ɗaya a sama tana fitar da zafi, ita ma a kan rawaya da baƙa. Garwa a watan Maris da Afrilu tana haura digiri 40, cikin akwatin katako a kulle kuwa ya fi haka. Ramin ƙasa a rufe shi da ragar sauro saboda ƙurar hunturu da kyankyasai.

Malama daga Ngaundare ta rubuta:

Salamu alaikum. Ban da abin ƙarawa a kan maganar Baba, sai dai saboda wanda zai zo daga baya yana da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi a nasa akwatin maimakon kwamfutar ofis, kamar wanda muka haɗa da ɗalibaina. Shi yana tashi ne da zarar an ba shi wuta, babu BIOS da za a taɓa, matsalarsa duk a wajen kashewa take, domin katin ajiyarsa yana saurin lalacewa idan ana yanke masa wuta yana rubutu. A Pi 3 da Pi 4 ana haɗa irin wannan maɓalli na wasa tsakanin allura ta 5 da ta 6, a ƙara layin dtoverlay=gpio-shutdown a cikin config.txt, sai maɓallin ya zama na rufewa da na tayarwa duka. Pi 5 da ya fito a 2023 ya zo da nasa maɓallin a jiki. Malam Kafinta, ka rubuta wa yaran a jikin akwatin da manyan baƙaƙe cewa a danna sau ɗaya a jira, domin na lura yaro idan bai ga hoto nan take ba sai ya sake dannawa, ya kashe abin da ya kunna.

Kafintan Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara basira. Na jinkirta amsa ne domin ina son in gama aikin tukuna in zo da abin da na gani da idona.

Na bi shawarar Malam na Marwa da Baba na Injamena. Filogin maɓallin kwamfutar tawa wayoyi biyar ne, don haka ban cire shi ba. Na ɗauki kwamfutar na kai wa wani maƙwabcina mai gyaran rediyo, ya sa mita muna gwadawa ina danna masa maɓallin, a gwaji na huɗu ta yi ƙara. Ya liƙa wayoyin da dalma, ni kuma na huda saman akwatin ta baya, na nutsar da jan maɓalli kamar rabin santimita. A gwajin farko kwamfutar ta tashi ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi, gabana ya faɗi, ashe a kan NC na ɗaura duk da gargaɗin da aka yi mini, domin rubutun ƙanana ne kuma ban sa tabarau ba. Na mayar da shi NO, komai ya daidaita.

Ɗan Kusiri, ban bar shawararka a banza ba. Na shiga BIOS na ga zaɓin da ka faɗa, na bar shi a kashe saboda dalilin Baba, amma batirin na sauya, domin da muka auna tsohon bai kai volt 2 ba, kuma sai a lokacin na gane dalilin da ya sa agogon kwamfutar yake komawa baya duk ranar da wuta ta daɗe ba ta zo ba. Makunnin gefen akwatin na mayar da shi ciki bayan ƙofa, na'urar kariya ta firiji kuma tana bango. Na lura tana ɗan jira kafin ta saki wuta, yaran suna tsaye suna kallon fitilarta har ta koma kore.

Wuri ɗaya na yi wayo ya kama ni. Na samu zaren fitilu mai filogin USB a kasuwa, na ce wannan ya hutar da ni feɗe rawaya da baƙa, na jona shi a bayan kwamfutar. Da dare bayan an kashe komai na fito alwala sai na ga goshin akwatin yana haske a cikin falo. Na ɗauka kwamfutar ce ba ta mutu ba, na kasa kunne babu ƙarar fanka. Maƙwabcina ya ce wannan 'yar wutar ce ta zaman sauraro da Malam ya ambata, wasu alluna suna barin ta a ramukan USB ko bayan an kashe. Na cire shi na sayo mai volt 12, muka ɗauko wuta daga wayar faifai da fis a kai, yanzu fitila da fankar sama suna tashi da kwamfuta suna mutuwa da ita.

Amfilifayar ce ta rage. Ta volt 12 ce, na gwada ta a kan rawayar, amma ƙugin da Baba ya faɗa ya fito, wani siririn kuka da yake sauya murya duk lokacin da hoto ya motsa a allo. Na mayar da ita kan nata cajan, wanda ke nufin tana kwana a kunne. Baba, idan rile ne maganin, wane girma zan ce a ba ni a kasuwa, kuma ko akwai abin da ake sawa a kan wayar sauti ya kashe wannan kuka ba tare da an taɓa 220 ba?